Ɗakin ƙarfe ba riga: abin da ya faru bayan mun rushe soron Kaka

Wannan makon ba siyasa zan taɓo ba, ba kuma maganar kuɗin makaranta ba. Rufin ɗaki nake so mu tattauna. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin aikin jarida da kwano da walda. To ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni, domin ko kai ko yayanka ko abokinka, akwai wanda yanzu haka yake tara kuɗin ginin ɗakin aure, kuma kuskuren da muka yi a gidanmu shi yake shirin yi.

Gidanmu yana wani lungu a gindin Dutsen Dala. Daminar bara waccan bangon ɗakin kakarmu ya tsage, azara biyu suka saki, ƙasa ta fara zubowa a kan gadonta. Yayanmu da ke kasuwanci ya ce ba za a sake yaɓe ba, a rushe kawai a yi na zamani. Haka aka yi. Aka ja bulo, aka sayo ƙarafa a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai walda ya haɗa ƙwarangwal ɗin rufi cikin kwana uku, aka ɗora kwano mai duhun launi irin wanda ake yayi, aka buga silin roba, aka shimfiɗa tayil. Ranar da Kaka ta tare kowa sai murna, ita kuma sai sa albarka take yi. Ni kaina na ɗauki hoto na saka a Facebook.

Murnar ba ta kai wata biyu ba. Wajen ƙarshen watan Satumba, ruwa ya fara ɗaukewa, sai Kaka ta ce ɗakinta yana yoyo. Muka ce yoyo ba a yi ruwa ba? Muka duba, ga ɗigo nan kuwa yana fitowa ta mahaɗar silin da asuba, rana na ɗagawa ya tsaya. Aka kira wanda ya yi rufin, ya hau ya bi kawunan ƙusoshi da gam, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Washegari ɗigo yana nan. Aka sake kiransa, ya sake hawa. A karo na uku ne wani dattijon maƙwabcinmu, tsohon magini da ya daina aiki, ya leƙa ta ƙofar silin da tocila ya sauko yana dariya. Ya ce wa Yaya: “Yaro, ɗakinka ba yoyo yake ba, gumi yake yi.”

Ka taɓa ɗaukar ledar ruwa mai sanyi ka ajiye a kan tebur? Kafin minti biyu jikinta ya jiƙe, alhali ba ta huje ba. Ruwan da ke jikinta daga iska ya zo: iska mai ɗumi tana ɗauke da tururi, da ta taɓa abu mai sanyi sai tururin ya koma ruwa. Abin da ke faruwa a cikin rufinmu ke nan. Da dare, musamman idan sama ta washe, kwano yana sakin zafinsa da sauri har ya fi iskar da ke ƙarƙashinsa sanyi. A ƙasa kuma ga Kaka da jikoki uku suna barci, kowannensu numfashinsa da zufarsa suna fitar da abin da ya kai kofi guda na ruwa kafin gari ya waye, ga danshin sabon gini da bai gama bushewa ba, ga lemar ƙarshen damina. Duk wannan yana bi ta tsagar silin ya hau sama, ya haɗu da ƙarfe mai sanyi, ya taru, ya gangara ya ɗigo. Inda ya daɗe yana taruwa kuma, tsatsa ta fara cin mahaɗar walda, funfuna ta yi baƙi a kusurwar bango.

Da hunturu ya shigo ɗigon ya ragu, don iskar ta bushe. Sai wata sabuwa ta ɓullo. A Kano sanyin daren watan Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 13, wani lokaci har wajen 10. Wanda ke Turai zai ce wannan ai ba sanyi ba ne, amma shi ɗakinsa yana riƙe ɗumi. Namu kuwa ƙarfe uku na dare ciki da waje duk ɗaya. Kaka, da ta shekara fiye da hamsin a soronta bargo ɗaya yana isarta, ta koma kwana da kaskon gawayi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin kusan duk hunturu sai mun ji labarin waɗanda suka rufe ƙofa da taga a kan garwashi, hayaƙin da ba a gani ya ɗauke su cikin barci. Kullum sai Umma ta tashi tsakar dare ta fitar da kaskon, Kaka tana faɗa.

Bazara kuwa ba sai na ba ka labari ba. Watan Afrilu, a tsakiyar rana ɗakin ya zama tanda. Kaka ta dawo da tabarmarta zaure. Wata rana na same ta tana fifita, ta dube ni ta ce: “Ni dai kun raba ni da ɗakina.” Wallahi kunya ta kama ni.

Daga nan na fara bin diddigin abin, na dame abokaina da ke karatun zanen gine-gine da tambayoyi. Amsar a taƙaice ita ce, ƙarfe ba ya riƙe sirri. Duk abin da ya ji a waje zai kai ciki, duk abin da ke ciki zai fitar waje. Wajen wuce da zafi, ƙarfe ya ninka katako fiye da sau 300. Shi ya sa ake yi wa tukunya da ludayin ƙarfe mariƙin itace ko na roba. Lokacin da ake rufi da katako, aƙalla itacen yana ɗan rage gudun zafin tsakanin kwano da silin. Yanzu kwano yana zaune kai tsaye a kan ƙarfe, ƙarfen yana zaune a kan bulo, silin yana rataye da shi. Masana gini suna kiran wannan gadar zafi: hanya ce miƙaƙƙiya da zafi ke bi ya ƙetare duk wani shinge. Da rana kwano mai duhu yana iya kai wa digiri 70, ya turo maka shi. Da dare ɗan ɗumin da jikinka ya tara ya bi ta gadar ya fice.

Abin dariyar shi ne, mu mutanen Dala ya kamata mu fi kowa sanin halin ƙarfe. Tarihi ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake narkar da tama a gindin wannan dutse, kuma labarin kafuwar Kano kansa yana da alaƙa da maƙeran da suka zo daga Gaya neman ƙarfe, waɗanda ake kira Abagayawa. Maƙeri bai taɓa kama jan ƙarfe da hannu ba, sai da awartaki. Mu jikokinsa muka ɗora shi a kan tsofaffinmu ba komai a tsakani.

Shi kuwa soro, sirrinsa kauri ne. Bangon tubali mai kaurin kamu biyu ko fiye, da rufin azara da aka shimfiɗa wa zana ko asabari aka ɗora ƙasa mai yawa, suna shan zafin rana a hankali. Kafin zafin ya ratsa ya iso ciki dare ya yi, lokacin da a hunturu ake neman sa. Ƙasa kuma tana shan danshi idan ya yi yawa, ta mayar da shi idan iska ta bushe, shi ya sa ba ka taɓa jin soro yana gumi ba. Daga waje kuma ga makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ga laso da ake yi da katsin marina, suna tare ruwa, indararo yana kai shi nesa da bango. In kana so ka ji da jikinka, ka je Gidan Makama da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Ginin yana da asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ka tsaya a waje minti biyar, sannan ka shiga ciki, ka gaya mini.

Kada ka ɗauka ina cewa a koma ginin ƙasa ido rufe. Ni a cikinsa na tashi, na san wahalarsa. Yaɓe duk shekara, fargaba duk watan Agusta, kuma duk damina sai an ji gidan da ya rufta wa mutane a cikin birni. Da daren bazara ma soron yakan sako zafin da ya tara, sai a fito tsakar gida ko a hau sama. Azara ta yi wuya ta yi tsada, don giginya ta ragu. Katakon kasuwa kuma yawanci ɗanye ne, ya murɗe, gara ta cinye shi. Wanda ya zaɓi ƙarfe yana da hujja, kuma Yaya bai yi laifi ba da ya zaɓe shi. Laifinmu shi ne mun ɗauka da an buga kwano an rufe da silin an gama. Ba a gama ba. A ƙasashen da suka saba gina gidaje da ƙwarangwal ɗin ƙarfe, kamar Amurka da Ostireliya, abin tare zafi yana cikin ƙa'idar gini, ba ado ba ne. Mu mun kwaso ƙarfen, mun baro rigarsa a can.

Mece ce rigar? Ba wani abin mamaki ba ne, kuma ba abu ɗaya ba ne. Mafi muhimmanci shi ne a shimfiɗa abin tare zafi a bayan silin, ko audugar gilashi, ko audugar dutse, ko allon soso mai tauri, a rufe ko'ina ba tare da barin giɓi ba, a kuma lulluɓe ƙarafan da silin ke rataye da su. Wannan na ƙarshe shi ne inda ake yawan faɗuwa. Idan ka cusa audugar tsakanin ƙarafa ka bar su kansu a buɗe, zafi zai bar audugar ya bi ƙarfen, kamar ka kulle ƙofar gida ka bar katanga a faɗe. Wasu ma sukan ga layi-layi na baƙin datti a jikin silin daidai inda ƙarfe ya bi, don wurin ya fi sanyi, danshi da ƙura suna manne masa.

Sai kuma takardar alminiyom mai ƙyalli da ake sakawa ƙarƙashin kwano. Tana aiki, amma da sharaɗi: dole a bar sarari tsakanin fuskarta mai ƙyalli da abin da ke gabanta, in ta manne da kwano ta zama kamar babu. A garinmu kuma akwai ƙarin sharaɗi da ba za ka gani a bidiyon Turawa ba, wato ƙurar hunturu. Fuskar da ke kallon sama, da ƙura ta kwanta mata ƙyallin ya mutu, amfanin ya ragu. Don haka mai ƙyallin ta kalli ƙasa. A tsakanin kwano da ƙarfen da yake zaune a kai kuma a saka siririn abu, ko roba ko katako busasshe, ya katse gadar.

Abu na uku ba ya cin kuɗi sosai, amma shi aka fi mantawa: a bar wa rufi hanyar numfashi. Magina da yawa suna toshe bakin rufi ruf da siminti, wai kada tsuntsu da ɓera su shiga. Sai zafi da tururi su rasa mafita. 'Yan ƙofofin iska a ƙasan rufin da kuma can ƙololuwa, a sa musu raga, sun isa iska ta riƙa shiga tana kwashe danshin kafin ya zama ɗigo. Shi kuma silin a toshe tsagoginsa da kyau, musamman wajen fitila da fanka, banɗaki kuma tururinsa ya fita waje, kada ya hau cikin rufi. Launin kwano ma magana ce. Baƙi da ruwan toka mai duhu sun fi kyau a hoto, na yarda, amma fari da mai haske su ne ke mayar da rana. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafinsu ya yi kama da namu, hukuma ta sa shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti cikin shirinta na yaƙi da zafi.

Gargaɗi ɗaya, don kada a ce ɗan jarida ya ce a lika soso ko'ina. Farin soson nan mai sauƙin kuɗi yana cin wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. Silin roba ma haka. A Landan, gobarar benen Grenfell ta watan Yunin 2017 ta kashe mutum 72, kuma kayan da aka lulluɓe jikin ginin da su ne suka sa wutar ta yi gudu. A lungunanmu da motar kashe gobara ba ta iya shiga, ga wayoyin lantarki barkatai a cikin silin, audugar dutse ko ta gilashi ta fi kwanciyar hankali, wayoyi kuma a sa su cikin bututu.

In kana ganin ƙarfe da ƙasa ba sa haɗuwa, ka nemi hoton makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya kammala a 2001. Rufinta kwano ne, ƙwarangwal ɗinta rodi ne da aka yi wa walda, irin wanda masu waldarmu ke yi kullum. Amma ya ɗaga kwanon sama, ya yi silin da bulon ƙasa a ƙarƙashi, iska tana ratsawa tsakani. Kwano ya tare ruwa da rana, ƙasa ta riƙe sanyi. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gine-gine, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Nan kusa da mu ma, a garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu. Duniya tana tafa musu, mu kuma a Dala muna kwashe ƙasar soronmu a kura muna kai wa kududdufi.

Na san abin da za ka ce: kuɗi. Mai ginin da ya sha wuya kafin ya kai linta, ka zo masa da maganar auduga? Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mu matasa. Kuɗin da muke zubawa a tayil ɗin bango, da fitilu masu canza launi a silin, da ƙofar gida mai zane, nawa ne? Duk abin da baƙo zai gani muna da kuɗinsa. Abin da ke bayan silin, da ba ya fitowa a hoto, shi ne ba mu da shi. Sai mu ce ai za a sa na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wutar? A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A watan Oktoban shekarar kuma Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Ko sola ka saka, ɗakin da ke zubar da sanyi zai sa ka sayi batir biyu a inda ɗaya ya isa. Audugar da ke bayan silin ba ta neman wuta, ba ta neman mai, sau ɗaya ake saye. Kuma sanya ta ranar da ake rufi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a ɓalle silin daga baya. Tun ran gini ran zane.

Ba gidaje kaɗai ba. Ka bi titin Gwammaja ka ƙirga kwantenoni da shagunan langa-langa da samari ke zaune a ciki, masu POS, masu cajin waya, masu aski. Waɗannan su ne ainihin ɗakunan ƙarfe, bango da rufi duka. Abokina mai cajin waya yana ɗaura jiƙaƙƙen tawul a kai daga azahar zuwa la'asar, wayoyin mutane suna ɗaukar zafi a hannunsa. Da ya yi wa kwantenar rumfar zana a sama, ya bar tazarar hannu guda tsakaninsu, ya kuma shafa farin fenti, ya ce mini kamar an canza masa shago.

Gwamnati ma tana da nata. Tun 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da kundin ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, kuma tare zafin rufi yana cikin abubuwan da ya tanada. Ina kira ga hukumar KNUPDA, wadda ke amincewa da zanen gini a Kano, ta sa wannan cikin abin da take dubawa, ta fara da makarantu da asibitoci da rukunin gidajen da ake ginawa don sayarwa. Sai dai na san yawancin gyaran da ake yi a lungunan cikin birni ba ya bi ta ofis. Tsakanin mai gida ne da mai walda da kafinta. Don haka ƙungiyoyin masu walda da kafintoci, da masu sayar da kwano a Ƙofar Ruwa, su ne makarantar da ta fi kusa. Idan mai sayar da kwano ya saba tambayar “Alhaji, me za a sa a ƙarƙashi?”, rabin aikin ya wuce. Mu kuma masu koyon aikin jarida, gidajen rediyon Kano sun fi a ƙirga da yatsun hannu, kuma ban ga abin da zai hana a samu fili na minti goma sha biyar a kan gini ba, a haɗa tsohon magini da matashin injiniya a teburi ɗaya.

A gidanmu dai sai da aka sake kashe kuɗi. Yaya ya yi ta ƙorafi, amma ya biya. Aka ɓalle rabin silin, aka kankare tsatsar mahaɗai aka shafa fenti, aka shimfiɗa audugar gilashi har kan ƙarafan, aka fasa ƙofofin iska huɗu aka sa raga. Farin fentin kwanon ne har yanzu muke ja da shi, wai zai ɓata masa kyan gida. Dattijon nan maƙwabcinmu shi ya zauna a kan benci yana nuna wa yaran inda za su fasa, ko sisi bai karɓa ba. Ƙarshen daminar da ta wuce ba mu ga ɗigo ba, hunturun nan kuma kaskon yana kicin. Kaka ta koma ɗakinta, amma har gobe in an yi baƙi sai ta nuna musu inda alkukinta yake a tsohon bango.